An ɗauke wuta ina tsakiyar kwashe hotunan biki, yanzu faifan yana neman fomat

Mai Hoton Agege: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah mai sani a kan kwamfuta ya taimaka min, hankalina a tashe yake. Ɗazu bayan Magariba ina kwashe hotuna da bidiyon wani biki daga katin kyamara zuwa faifan da nake ajiyar aiki, irin na waje mai kebul, tera 1. Aiki ya kai wajen rabi aka ɗauke wuta. Kwamfutar ta tebur ce, nan take ta mutu. Da yaro ya tada janareta na kunna, sai Windows ta ce faifan ba zai buɗe ba sai an yi masa fomat. Aikin kusan shekara biyu ne a ciki, har da bukukuwa uku da ban miƙa wa masu su ba. In danna fomat ɗin ne ko yaya?

Baba Injiniya: Wa alaikumus salam. Kada ka danna. Rufe saƙon, ka zare kebul ɗin, ka ajiye faifan a gefe. Katin kyamarar ma ka cire shi, ka ja ɗan makullin nan da ke gefensa zuwa ƙasa, kada ka sake ɗaukar ko hoto ɗaya da shi. In ka yi haka ka dawo mu yi magana.

Mai Hoton Agege: Na cire duka biyun, Baba.

Baba Injiniya: Madalla. Ka ba ni amsar abu uku. Da ka kunna shi, ka ji yana wani ƙas-ƙas-ƙas ko ƙara irin wadda ba ka saba ji ba? Na biyu, kwafi kake yi ko matsar da fayilolin kake yi? Na uku, wane tsari aka yi wa faifan, NTFS ko exFAT?

Mai Hoton Agege: Ba ya wata ƙara, yana juyawa lafiya kamar kullum. Matsar da su nake yi, don katin ya samu wuri, gobe ina da suna a Mile 12. Tsarin kuma exFAT ne, ni na mayar da shi haka saboda wanda yake haɗa min bidiyo a Surulere Mac yake amfani da ita.

Ɗan Otigba: Yallaɓai kwantar da hankalinka. Wannan kullum sai an kawo mana irinsa shago, musamman da damina. Buɗe wurin rubuta umarni, ka sa chkdsk, umarnin Windows na duba faifai da gyara shi, da harafin faifan, sannan /f. Minti biyar zuwa goma ka ga kayanka sun dawo. Baba, ba wai ina ja da kai ba ne, Allah ya ƙara girma, amma mutumin nan yana da aiki gobe.

Baba Injiniya: Ɗana, na san yana yi. Ni ma na sha yin amfani da shi ya yi min daidai. Matsalar ita ce ranar da bai yi daidai ba, babu komawa baya, domin a kan faifan yake rubutu kai tsaye. Wannan bawan Allah kuma ba shi da wani kwafi a ko'ina. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Alhaji na Mile 12: Ni fa ban gane ba. In hotunan sun goge ai sun goge. In kuma suna nan, me ya hana su fito?

Baba Injiniya: Alhaji, bari in kawo maka misali da sana'arka. Ka ɗauka kana da sito babba cike da buhunan albasa na mutane daban-daban, babu suna a jikin ko buhu ɗaya. Abin da ya raba na wane da na wane shi ne littafin da magatakarda yake riƙe da shi: buhunan Malam wane suna layi na bakwai zuwa na tara, na Hajiya wance suna layi na goma, layi kaza kuma babu kowa a kai. To faifai haka yake. Hotunan su ne buhunan, tsarin fayil kuma shi ne littafin. Duk fayil ɗin da zai shiga, sai kwamfuta ta yi rubutu a wurare daban-daban: ta ajiye kayan, ta rubuta sunansa a cikin folda, ta sa alama cewa an kama wannan wurin. Ba a lokaci ɗaya take yin su ba, ɗaya bayan ɗaya ne. Kuma sau da yawa wani ɓangaren yana riƙe a ƙwaƙwalwarta bai sauka kan faifan ba tukuna. In wuta ta ɗauke a tsakani, sai a wayi gari an ajiye buhu ba a rubuta ba, ko an rubuta ba a ajiye ba.

Shi exFAT yana da wani abu kuma. Duk sanda za a fara rubutu, yakan taɓa shafin farko na littafin ya sa alamar cewa ana kan aiki. Wannan shafin shi ne yake gaya wa Windows wane irin littafi ne wannan, kuma daga ina ake fara karanta shi. In shi ya lalace, sai Windows ta kalli faifan ta kasa gane komai, ta ce a yi fomat. Buhuna suna nan a sito ba abin da ya same su. Fomat kuwa sabon littafi ne fari fat, wanda zai ce siton babu komai a ciki.

Alhaji na Mile 12: Yanzu na gane. To shi wannan abin da yaron Ikeja, Ɗan Otigba, ya faɗa, mene ne aikinsa?

Baba Injiniya: Shi sabon magatakarda ne da aka ɗauko aka ce ya daidaita littafin. Burinsa lissafi ya tashi daidai, ba ruwansa da wane ne ya yi asara. Shafin da ya kasa karantawa yana iya yage shi. Buhunan da ya ga ba su da mai su sai ya tara su a lungu ɗaya ya sa musu lamba.

Hajiya Mai Buga Takardu: Wallahi Baba ka tuna min da abin da ya same ni. Shekarun baya a shagona na Idi-Araba, filas ɗin da nake tara ayyukan ɗalibai na kammala karatu, ana cikin ajiye wani aiki wuta ta tafi. Yaron shagona ya yi wannan chkdsk ɗin. Filas ya buɗe kam, amma foldar ayyukan ta ɓace gaba ɗaya. Daga baya aka nuna mana wata ɓoyayyar folda mai suna FOUND.000, cike da fayiloli FILE0000.CHK, FILE0001.CHK, haka har ɗaruruwa. Babu suna, ba ka san wanne ne takarda wanne ne hoto ba. Kwana huɗu muna canza musu suna ɗaya bayan ɗaya muna gwadawa. Wasu sun buɗe, wasu rabi. Wata yarinya sai da na sake buga mata babi biyu daga takardar hannu, kyauta, ina ba ta haƙuri tana kuka. Ƙanena Mai Hoto, ka bi maganar Baba.

Ɗan Otigba: Hajiya Allah ya mayar da alheri. Amma filas daban, faifai daban. Kuma filasan da ake sayarwa a kan titi rabinsu na bogi ne, ko ba a ɗauke wuta ba za su ci kaya.

Ɗalibar Akoka: Yaya Ɗan Otigba, a nan kam ina ganin kusan ɗaya ne. Filas ɗin Hajiya mai yiwuwa FAT32 ne, na Yaya Mai Hoto exFAT, kuma dukansu ba su da kundin niyya. NTFS na Windows da ext4 na Linux suna da shi: kafin su taɓa babban littafin sai su rubuta a gefe cewa ga abin da za mu yi. In wuta ta ɗauke, da an kunna sai su duba kundin, su ƙarasa abin da aka fara ko su warware shi. Shi ya sa kwamfutar da Windows take kai za ta mutu sau da yawa ta tashi lafiya, amma filas sau ɗaya ya isa. Sai dai malaminmu yakan ja mana kunne cewa kundin littafin yake karewa, ba cikin fayil ɗin da ake rubutawa a lokacin ba. Wannan zai iya fitowa rabi ko fanko.

Baba Injiniya: Allah ya yi miki albarka 'yata, haka yake.

Ɗalibar Akoka: Amin Baba. Mu ma a ɗakin kwamfutarmu ya taɓa faruwa da wata na'ura mai Linux. Can fsck ake ce wa mai gyaran, kuma abin da ya tsinto a lost+found yake zuba shi, da lambobi a maimakon suna. Shafin farkon ne ya lalace, aka ɗauko kwafinsa da ke lamba 32768 aka tashe ta. Abin da aka fi gargaɗinmu a kai shi ne kada a kuskura a yi fsck a kan faifan da yake buɗe ana amfani da shi.

Kawun Apapa: Ni na ji an ce in faifai ya ƙi buɗewa a naɗe shi a leda a sa a firiza ya kwana, da safe zai yi.

Baba Injiniya: Kawu, don Allah a bar wannan. Tsohuwar dabara ce ta faifan da injinsa ya cije, kuma ko a can caca ce. A Legas da iskarmu take jiƙe da ruwa, kana fito da shi raɓa za ta kwanta a cikinsa, kan da yake karatu kuma tazarar da ke tsakaninsa da farantin ba ta kai kaurin gashi ba ko kusa. Na wannan yaron lafiyarsa ƙalau ta ɓangaren inji, littafi ne ya rikice. Sanyi ba ya gyara rubutu.

Mai Hoton Agege: To Baba yanzu mene ne abin yi? Uwar amarya ta kira ni sau biyu yau, ban iya ɗauka ba.

Baba Injiniya: Ka kira ta ka gaya mata gaskiya, cewa an samu matsalar na'ura ana kan gyara, ka nemi kwana uku. Sunan gobe kuma ka ari kati ko ka sayi sabo.

Aikin kansa ga yadda yake. Ba a gyara a kan asali. Za a fara ɗaukar hoton faifan gaba ɗayansa, tun daga sashen farko har na ƙarshe, da inda akwai kaya da inda babu, a zuba shi a matsayin fayil guda a kan wani faifai da ya fi shi girma. Naka tera 1 ne, don haka a nemo mai tera 2. Daga nan sai a ajiye naka a aljihun tebur, duk gwaje-gwajen a yi su a kan hoton. In an yi kuskure, asalin yana nan.

Abin da nake amfani da shi ddrescue ne, kyauta ne, a kan Linux yake aiki. Ba sai ka sauke Windows ɗinka ba, Ubuntu, wani nau'in Linux, a kan filas ya isa a tada kwamfuta da shi. Dalilin da ya sa na fi son sa biyu ne. In ya ci karo da wurin da ya ƙi karantuwa ba ya tsayawa yana ta dukansa, tsallakewa yake ya kwashe mai sauƙi tukuna, sannan ya dawo. Na biyu, yana rubuta taswirar inda ya kai, ko wuta ta sake ɗaukewa daga nan zai ci gaba. A garin nan wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ka yi shi a kan laftof mai batir mai kyau, kuma ta kafar USB 3, mai shuɗin ciki. Tera 1 zai ci kamar awa 3 zuwa 4. A tsohuwar kafa ta USB 2 kuwa sai ya haura awa 9.

Wuri ɗaya ne mai haɗari: a rikita wanda ake karantawa da wanda ake rubutawa. In aka juya su, an gama da kai. Shi ya sa ba na so ka yi shi kai kaɗai da daren nan hankalinka a tashe.

Alhaji na Mile 12: Ai sai ya kai kasuwar kwamfuta ta Ikeja kawai, ya ba masu gyara su yi, ya je ya dawo.

Hajiya Mai Buga Takardu: Alhaji a nan fa akwai magana. Hotunan biki ne. Akwai kamu, akwai sa lalle, mata zalla a cikin gida ba mayafi, sun saki jiki don sun yarda da mai hoton. Waɗannan amana ce a wuyansa. A bar faifai a shago a tafi, ba ka san hannu nawa zai bi ba. Mun sha jin hotunan mutane sun fita ta wajen gyaran waya.

Ɗan Otigba: Hajiya wannan maganar ta ɗan taɓa ni. Shekarata tara a kasuwar nan, ban taɓa buɗe foldar mutum ba tare da shi ba. Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba.

Hajiya Mai Buga Takardu: Ba da kai nake ba ɗana, Allah ya sani. Amma kai ma ka san kasuwar ta fi ƙarfin mutum ɗaya, kuma baƙo tun daga bakin gada ake tare shi.

Ɗan Otigba: Wannan gaskiya ne, ba zan musa ba. Masu tare mutane a bakin hanya yawancinsu ba su da shago, karɓa suke su kai wa wani su ɗora nasu. To ga abin da zan yi. Yallaɓai Mai Hoto, ka gama sunanka gobe, jibi Alhamis ka zo da safe. Ina da faifai mai tera 2 da ba komai a kai, ina da inbata. Ka zauna a gefena daga farko har ƙarshe, in mun gama ka kwashe kayanka a goge hoton a gabanka. Za mu bi hanyar Baba. Amma Baba ina da sharaɗi: in an tsira da kayan, zan gwada chkdsk a kan asalin, mu ga abin da zai yi.

Baba Injiniya: Na yarda, bayan an tsira da kaya ka yi duk gwajin da kake so. Allah ya saka maka. Kafin ku fara ku duba lafiyar faifan da CrystalDiskInfo, ku turo min abin da ya nuna a layin 05 da C5.

Mai Hoton Agege: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na kira Hajiyar, ta ce ba komai, Allah ya fito da su.

Shugaban Zaure: Masu turo tallan manhajar dawo da fayil a ƙarƙashin wannan magana, na goge guda biyu. Wanda ya sake zan cire shi.

Ɗan Otigba: Jama'a barkanmu da Alhamis. Mai Hoto yana nan tun ƙarfe tara. Baba, launin rawaya ya nuna. 05 sifili ne, C5 kuma 1.

Baba Injiniya: To alhamdu lillahi. 05 shi ne wuraren da faifan ya riga ya yanke ƙauna da su ya musanya, babu ko ɗaya. C5 wuraren da ya kasa karantawa ne yana jiran ya ga yadda za su kasance. Guda ɗaya bayan ɗaukewar wuta yana iya zama rubutun da aka katse a tsakiya ne, ba lallai faifan ne yake mutuwa ba. Ku fara. Ku duba lsblk, umarnin da ke jera faifan da aka haɗa, sau biyu kafin ku danna, girman kowanne zai nuna muku wane ne wane.

Ɗan Otigba: Ya gama, awa uku da kusan rabi. An ɗauke wuta sau ɗaya a tsakani, inbata ta riƙe. Wuri ɗaya tak ya ƙi karantuwa, kuma a farkon faifan yake.

Ɗalibar Akoka: Shafin farkon da Baba ya faɗa ke nan!

Baba Injiniya: Da alama. Yanzu ku buɗe hoton da manhajar TestDisk. Ku shiga Advanced, sannan Boot. exFAT yana ajiye kwafin shafin farkon nan kusa da shi, daga sashe na 12. In ya ce kwafin lafiya yake, ku zaɓi Backup BS ya maido shi a kan hoton. Sannan ku duba jerin foldodin, ku kwashe su zuwa wani wuri dabam. Ba kan asalin ba.

Mai Hoton Agege: Allahu Akbar. Baba foldodina sun fito da sunayensu. Wallahi hannuna rawa yake.

Baba Injiniya: Kada ka yi murna da suna kawai. Ka buɗe hotuna daga kowace folda, bidiyo kuma ka ja shi zuwa tsakiya da ƙarshe ka gani.

Mai Hoton Agege: Tsofaffin duka lafiya, har da biyu daga cikin bukukuwa ukun da ban miƙa ba. Matsalar tana foldar bikin ranar Talata. Waɗanda suka fara shiga suna buɗewa. Na ƙarshe-ƙarshen kuwa, kamar hoto talatin da wani abu, ko dai babu su sam, ko suna nan amma rabin hoton toka-toka ne. Kuma a katin ma babu su, sun riga sun goge.

Baba Injiniya: Illar matsarwa ke nan. Windows ta ɗauka sun isa, ta goge na katin, alhali ba su gama sauka ba. Amma gogewa a kati suna kawai ake cirewa daga littafi, kayan suna nan muddin ba a ɗora wani abu a kai ba. Shi ya sa na ce ka kulle shi tun daren farko. Ku ɗauki hoton katin shi ma, sannan ku gwada maido da gogaggun fayiloli a TestDisk, don shi yana dawo da su da sunansu. Abin da bai samu ba ku bi shi da PhotoRec. Shi wannan ba ya kallon littafi ko kaɗan, siton yake bi buhu-buhu yana gane hoto da bidiyo ta yadda farkonsu yake. Zai ba ku su da lambobi ba suna, har da tsofaffin da ka manta da su.

Ɗan Otigba: Hotunan sun dawo duka daga katin. Bidiyo guda ne ya ba mu wahala, na walima, minti 11. Na kan faifan bai cika ba, na katin kuma yana kaiwa kamar minti 7 sai ya tsaya. Mun gwada hanya biyun, abu ɗaya.

Baba Injiniya: Yaushe rabonka da yi wa katin fomat a cikin kyamara?

Mai Hoton Agege: Ya fi wata shida. Gogewa kawai nake yi.

Baba Injiniya: To mai yiwuwa bidiyon bai samu fili a jere ba, ya warwatsu gunduwa-gunduwa a gurbin tsofaffin fayiloli, kuma bayanin da ya haɗa gunduwoyin shi ne ya tafi. Kada ka goge hoton katin, ka ajiye shi, akwai masu manhajar da ke ɗinke bidiyon kyamara, wataƙila a dace. Amma kada ka yi wa masu biki alkawarinsa.

Mai Hoton Agege: Yarona ya ɗauki wani ɓangare na walimar da waya, zan cike da shi, kuma zan gaya musu abin da ya faru. Baba, Hajiya, Yaya Ɗan Otigba, ƙanwata ta Akoka, ban san da bakin da zan gode muku ba. Mutumin nan ko sisi ya ƙi karɓa, sai da na yi da gaske ya yarda na sa masa mai a janareta.

Ɗan Otigba: Saura sharaɗina. Na sa asalin a Windows na yi chkdsk, ya ƙi, ya ce ba ya aiki a kan faifan da ya zama RAW, wato wanda Windows ba ta gane tsarinsa ba. Wannan na amsa, da daren Talata ba zai yi ba. Sai na maido masa shafin farkon da TestDisk, na sake yi. Ya gama cikin 'yan mintuna, faifan ya buɗe, tsofaffin foldodi duka suna nan. Foldar Talata ce ya taɓa, ya fitar da FOUND.000 da 'yan fayiloli a ciki. Don haka Baba, ni a ganina da an bi ta nan ma kusan sakamako ɗaya za a samu, ba tare da awa uku da faifai na biyu ba. Ba kowa ne yake da tera 2 a ajiye ba, kuma ka san kuɗin faifai yanzu.

Baba Injiniya: Wannan karon haka ne, ban musa ba. Amma yau ka san haka ne saboda ka riga ka ga cikinsa. Ranar Talata da dare ba wanda ya san ko shafi ɗaya ne ya lalace ko babbar folda ce, ko kuma faifan ne yake kan hanyar mutuwa. Da C5 ɗin nan ɗari biyu ne, chkdsk zai yi ta dukan wurin har ya ƙarasa shi. In kayan ba su da muhimmanci, ko akwai kwafinsu a wani wuri, ni ma chkdsk zan yi in wuce.

Ɗan Otigba: A kan wannan mun haɗu. Amma mai zuwa shago da filas na fina-finai ba zan sa shi jiran awa uku ba.

Baba Injiniya: Shi kam kada ka sa shi.

Yaron Alaba: Tunda an samu kaya, bari in sa baki a ɓangarena. Yallaɓai Mai Hoto, kwamfutar tebur ba UPS, wato akwatin batir mai riƙe ta in wuta ta ɗauke, a Legas ganganci ne, ko unguwarku tana rukunin A na masu samun wuta, da aka ce awa 20 a rana. Sakan ɗaya na ɗaukewa ya isa. Ƙaramin nan mai 650VA ba don ka ci gaba da aiki ba ne, 'yan mintuna zai ba ka ka tsayar da kwafi ka kashe lafiya. Batirinsa 12V 7Ah ne, da zafin garin nan bayan kamar shekara biyu ya fara sanyi, mutane kuma ba sa sani sai ranar da suke buƙatarsa. Lokaci-lokaci ka rufe duk aikinka, ka kashe soket ɗin bango ka ga ko zai riƙe. Wani abu kuma, wasu ƙananan UPS ba sa karɓar wutar ƙaramin janareta, sai su yi ta kuka suna cin batir. Ka gwada da naka janaretan kafin ka biya. Masu inbata su ma su duba, da yawa suna da maɓallin yanayin UPS a baya. In ba a kansa take ba, jinkirin sauyawar yana iya kashe kwamfutar tebur.

Mai Hoton Agege: Zan shigo Alaba ranar Asabar in sha Allah. Baba, faifan nan in ci gaba da amfani da shi? Kuma ya zan yi da mai Mac ɗin?

Baba Injiniya: Ka yi masa cikakken fomat, ba na gaggawa ba, don ya bi ta kan kowane sashe, sannan ka sake duba 05 da C5. In C5 ya koma sifili kuma 05 bai fara hawa ba, ka riƙe shi a matsayin na biyu. Babban ma'ajinka ka mayar da shi NTFS. Mac tana karanta NTFS, rubutu ne ba ta yi a kai sai da ƙarin manhaja. Ka ware wani ƙaramin faifai exFAT na kai aiki Surulere da dawowa, wanda ko ya lalace ba ka rasa komai ba. Daga kati kuma kwafi za ka riƙa yi zuwa wuri biyu, ka buɗe ka tabbatar, sannan ka yi wa katin fomat a cikin kyamara. Aikin da ba ka miƙa ba ka ɗora ko zaɓaɓɓun hotunan ne a Google Drive, giga 15 na farko kyauta ne.

Hajiya Mai Buga Takardu: Ɗana Ɗan Otigba, wancan filas ɗin nawa fa yana nan a durowa tun lokacin, ban sake taɓa shi ba. Akwai hotunan mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, da na saka a ciki, ba mu same su a cikin CHK ɗin ba. Wannan PhotoRec ɗin zai iya ganinsu?

Ɗan Otigba: Allah ya jiƙan Mama. In ba a ɗora komai a kai ba bayan nan, akwai fata, Hajiya. Kada ki sa shi a kwamfutar shago. Ki ba yaro ya kawo min ranar Litinin, ko ki zo da kanki ki zauna a yi a gabanki. Hotonsa zan fara ɗauka.

Hajiya Mai Buga Takardu: Da kaina zan zo. Ƙarfe nawa kake buɗewa?

Ɗan Otigba: Tara na safe. In kin sauka a ƙarƙashin gadar Ikeja ki kira ni, zan turo yaro ya shigo da ke.